Cin Nama a Addinin Buda: Doka Guda, Hukunci Daban-daban

Mabiya addinin Buda suna da dokoki biyar na kyautata hali, ta fari kuwa ita ce hani ga kashe mai rai. Dukkansu sun yarda da lafazin dokar. Inda suka rabu shi ne iyakar ma'anar kisa, watau ko wanda ya ci nama yana da hannu a ciki.

Mazhabar Terawada, wadda ta kafu a Siri Lanka da Bama da Tailan, ta halatta wa sufayenta naman sadaka, muddin ba su gani ba, ba su ji ba, ba su kuwa yi zaton dominsu aka yanka dabbar ba. A ƙasar Sin, Sarki Wu na daular Liyan, wanda ya yi sarauta daga 502 zuwa 549, ya haramta musu nama ɗungum. A Japan kuwa, hukuma ce ta ɗage musu hanin cikin 1872.

Malaman ƙasar Hausa, daga Katsina har Sheme da Faskari, sun san irin wannan saɓani game da taba. Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta cikin 1607, alhali kuwa shehunan Tijjaniyya sun hana ta. Saboda haka mai koyar da tarihin addinai kada ya tsaya ga lafazin doka kaɗai, sai ya bincika wanda ya fassara ta, da ƙasarsa, da zamaninsa.