Shin Alamar CD34 Kaɗai Ta Isa Gane Ƙwayoyin Asalin Jini a Jikin Mai Sikila?

Tsakure

Maƙalar ta auna ƙarfin alamar CD34 wajen gane ƙwayoyin asali na ɓargo. Matsayinta shi ne ƙidayar wannan alama ita kaɗai tana iya yaudarar likita idan mai sikila ne a gabansa.

Waiwaye

Tun da Till da McCulloch suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa ƙwaya ɗaya ta ɓargo tana haifar da nau'o'in jini daban-daban, ake neman shaidar da za a gane ta da ita. Curt Civin ya gano CD34 a 1984, kuma har gobe da ita ake auna abin da za a dasa: aƙalla ƙwayoyi miliyan 2 ga kowane kilo na nauyin majinyaci. Masu ganin magana ta ƙare a nan, da su nake jayayya. A 1996 Osawa da abokan aikinsa sun nuna cewa a jikin ɓera, ƙwayoyin da ke raya jini na dogon lokaci kusan ba su ɗauke da CD34.

Hanyar Bincike

An kwatanta ayyukan da aka buga daga 1984 zuwa 2019, aka fifita waɗanda suka gwada ƙwayoyin ta hanyar dasawa.

Sakamako

CD34 kamar shaidar da ake yi wa shanu ce a karar Wudil: tana nuna garke, ba ta nuna wadda za ta haihu. Galibin ƙwayoyin da ke ɗauke da ita sun riga sun kama hanyar zama wani nau'in jini, aikinsu na ɗan lokaci ne. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini ma suna da ita, kuma Solovey ta nuna a 1997 cewa irinsu suna ɓallewa su bi jinin masu sikila, musamman lokacin da ciwo ya tashi. Ga shi ɓargon mai sikila kullum cikin kumburi yake, yana gaggawar maye jinin da ke fashewa. Lambar CD34 sai ta hau, alhali iri na gaskiya bai ƙaru ba.

Abin da ya fi gamsar da ni aikin Radtke ne na 2017 a kan birai: yawan ƙwayoyin da suka haɗa CD34 da CD90, babu CD45RA, shi ya nuna ko dashen zai kama. Notta kuma ya ƙara CD49f cikin jerin alamomin tun a 2011.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne, hujjojin daga ɓeraye da birai da majinyatan Amurka suka fito. Wannan bai wanke CD34 ba.

Shawara

An fara dashen ɓargo a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma Kano, da yawan masu sikilarta, ba za ta daɗe tana jira ba. Ya kamata Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano su fara horar da ma'aikatan awo kan karanta CD34 tare da alamomin CD38 da CD90 da CD45RA tun kafin a buɗe ɗakin dashe.