Direba ko Zafi? Nazarin Faɗuwar Kwamfutocin Cinya a Teburan Gyara na Malanville

Tsakure

Maƙalar ta duba matsalar da masu gyara ke kira ciwon grafik, wato kwamfutar cinya ta daskare, allo ya ɗauke, ko ya koma shuɗi da sunan fayil ɗin direban hoto, manhajar da ke sarrafa cif ɗin hoto, a jikinsa. An yi nazarin a Malanville da Garou, arewacin Jamhuriyar Benin. Matsayin maƙalar shi ne, fitowar sunan direba a allo ba ta tabbatar da cewa direban ne ya lalace, kuma sauƙin da ake gani bayan fomat, wato sake zuba Windows, galibi hutu ne na'urar ta samu daga zafi.

Gabatarwa

Malanville tana lardin Alibori, a bakin Kogin Kwara, gada ce kawai tsakaninta da Gaya ta Nijar. Garou kuwa ɗaya ce daga cikin gundumominta. Kwamfutocin da ke hannun ɗalibai, da masu cike takardun fiton kaya, da masu tura finafinai a waya, kusan duk kwance ne, yawanci HP da Dell da suka gama aiki a ofisoshin Turai suka sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sama da kilomita 700 daga nan. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kasuwa ta ja baya, mai tsohuwar na'ura sai ya lallaɓa abarsa. Kuskure wajen gano ciwo, ke nan, asara ce ta kuɗi da ta aiki ga wanda ba shi da halin sayen wata.

Waiwaye

Ra'ayin da ya fi rinjaye, wanda shafukan taimako na kamfanoni ke maimaitawa, shi ne a sabunta direba. Ba a rasa dalili ba. Takardun Microsoft da suka fito a wata shari'a a 2008 sun nuna cewa direbobin Nvidia ne suka jawo kusan kashi 29 cikin 100 na faɗuwar Windows Vista da aka tattara a 2007. A watan Maris na 2010 ma Nvidia ta janye direba mai lamba 196.75 domin yana hana fanka juyawa yadda ya kamata. Babu mai musun cewa direba na iya kayar da na'ura.

Inda masu wannan ra'ayi ke yin shiru shi ne abin da ya faru a daidai wancan lokaci. A Yulin 2008 Nvidia ta sanar da ware tsakanin dala miliyan 150 zuwa 200 saboda cif ɗin hoto da ke mutuwa a cikin kwamfutocin cinya, irin su GeForce 8400M da 8600M da ke cikin na'urorin HP, Dell da Apple. Ciwon yana cikin ƙananan ɗigon dalmar da ke haɗa cif da mazauninsa: zafi da sanyi na ta sa su buɗewa da tsukewa har su tsage. Abin lura, maganin farko da HP da Dell suka bayar shi ne sabunta BIOS don fanka ta riƙa juyawa da wuri. Kamfanonin da kansu sun san zafi ne. Apple ta sake faɗawa irin wannan rami da MacBook Pro na 2011 masu cif ɗin AMD, har ta buɗe shirin gyara kyauta a Fabrairun 2015. Shawarar sabunta direba an rubuta ta ne don sabuwar na'ura a ɗaki mai sanyi, kuma ana ɗauko ta a dasa a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Hanyar bincike

An zauna a teburan masu gyara a kewayen kasuwar Malanville da Garou, a hunturu da kuma bazara. A kowace na'ura an karanta rajistar abubuwan da suka faru ta Windows kafin a taɓa komai, an auna zafin cif da manhajar HWMonitor, an kuma tambayi mai ita lokacin da take faɗuwa. An gwada abin da aka gani da bayanan fasaha da Microsoft ta wallafa.

Sakamako

Dole a fara da yadda Windows ke yanke hukunci. Tun daga Vista akwai tsarin da ake kira TDR. Idan aka ba cif ɗin hoto aiki ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows na sake tayar da direba, allo ya yi ƙiftawa, a rubuta lamba 4101 a rajista. Idan tayarwar ta ci tura, ko abin ya maimaitu fiye da sau 5 a minti ɗaya, sai shuɗin allo ya fito, galibi da lamba 0x116. Sunan da ke fitowa a ƙasa, nvlddmkm.sys na Nvidia, atikmpag.sys na AMD, ko igdkmd64.sys na Intel, sunan wanda yake jiran amsa ne lokacin da cif ya yi shiru. Windows ba ta faɗi dalilin shirun ba. Mai gyara ya ga suna, ya kama direba da duka, an bar jaki ana dukan taiki.

Babban abin da nazarin ya gano shi ne dalilin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa ba a gane shi ba: fomat na ba da sauƙi na ƙarya. Hanyoyi uku ke haɗuwa. Na'urar da aka kawo gyara takan kwana a kashe, a kunna ta da sanyin safiya. A gida kan katifa ko cinya take zama, ƙofofin iskarta a toshe, a shago kuwa kan teburin katako take. Na uku shi ya fi muhimmanci. Bayan an sake zuba Windows, kafin a sa direban kamfani, na'urar na tafiya ne da direban wucin gadi na Microsoft, wanda ba ya ɗora wa cif aiki mai nauyi. Cif ɗin da ba ya aiki ba ya zafi, wanda ba ya zafi kuma ba ya shiru. Sai a kira mai kaya a nuna masa allo fes, ya biya, ya tafi.

An ga wannan ƙarara a kan wata Dell ta wani mai tura finafinai. An yi mata fomat, washegari da azahar ya dawo da ita a hammata yana cewa, "Malam, ai jiya ka ce ta warke." Mai gyaran ya miƙa hannu zai ɗauko filashin Windows, sai aka roƙe shi ya kwance bayanta tukuna. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya ƙurar hunturu ta haɗu da zaren tufafi ta yi kauri, aka ciro ta da hantsaki ɗungurungum. Man da ke tsakanin cif da ƙarfen ya bushe, farce na kankare shi yana zuba gari. Aka goge, aka shafa sabo, aka mayar da direban nan dai da ake zargi. Bidiyon da ke kayar da ita ya yi ta tafiya har la'asar.

Lokacin faɗuwa shi ne shaidar da ta fi araha, kuma ita aka fi watsarwa. Ciwon direba yana da ranar farawa: mai na'ura zai ce tun daren da ta yi sabuntawa, kuma tana faɗuwa a aiki iri ɗaya ko da asuba ne. Ciwon zafi yana bin agogo da yanayi, ba ya zuwa da kunnawa sai an jima ana aiki, yana tsananta daga Maris zuwa Mayu, fanka na kuka kafin allo ya ɗauke. Idan kuwa layuka ko ɗigo-ɗigo suka bayyana tun a tambarin kamfani, kafin Windows ta tashi, to direba bai ma farka ba, cif ne ko dalmarsa. Irin wannan ne ake hura wa iska mai zafi, ya yi makonni ya koma gidan jiya. Fomat kuma yana goge rajistar da za ta raba waɗannan ukun, abin da ya sa marubucin yake ganin bai kamata ya zama matakin farko ba ko kaɗan.

An samu inda direban ne da gaske, kuma a nan ma sabuntawa ba ta cika zama magani ba. Na'urori masu cif biyu, na Intel da na Nvidia ko AMD, sun fi zama lafiya da direban da HP ko Dell suka fitar, sai Windows ta ɗora wani a kai da zarar an jona intanet. Abin da ya yi aiki shi ne komawa baya: a shiga yanayin kariya, a share direban da manhajar DDU, a sa na kamfanin na'urar. Ga yawancin waɗannan tsofaffi ma babu sabon da za a jira, domin tun Yulin 2022 Intel ta mayar da cif ɗin hoto na zubi na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi, Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. A na'urorin da ke da Intel kaɗai sai a gwada ram da MemTest86, tunda cif ɗin hoton aron ram yake yi, lalataccen ram kuma sunan igdkmd64.sys zai fitar.

Iyakokin nazari

Za a ce nazarin bai kawo alƙaluma ba, kuma na'urorin da suka zo teburin gyara ba su wakiltar na gari duka. Haka ne. Ba a kuma ware tasirin cajar jabu da wutar janareta ba, alhali suna iya sa cif shiru kamar yadda zafi ke yi, kuma sababbin kwamfutocin wasanni ba sa cikin abin da aka duba. Wanda ke da ɗakin gwaji yana iya ƙirgawa. Gwajin da ake buƙata bai wuce a ɗauki na'ura ɗaya da direba ɗaya, a auna ta kafin wanke fanka da bayansa, da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu.