Likita Baikie, Hafsan Sojan Ruwa Wanda Ya Juya Zabura Zuwa Hausa

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50 muna tunawa da iyayenmu waɗanda suka fara taruwa domin sujada. Amma Littafi Mai Tsarki da suka riƙe a hannu yana da nasa tarihin, kuma cikin waɗanda suka fara wahalar sa shi a bakin Hausa akwai wani Bature da ba fasto ba ne, ba kuwa ɗan mishan ba. Hafsa ne na sojan ruwan Ingila, sunansa William Balfour Baikie.

An haife shi a 1825 a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan. Ya yi karatun likita a Edinburgh, ya shiga sojan ruwa a 1848 a matsayin ƙaramin likita.

A zamanin nan Turawa suna tsoron kogin Kwara ƙwarai. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau kogin, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, sauran suka koma gida da kunya. A cikin wannan tafiya akwai Samuel Ajayi Crowther, da kuma Rabaran Schön wanda ya fara tattara kalmomin Hausa. Sai a 1854 aka sāke gwadawa da jirgi guda, mai suna Pleiad. An sa Baikie ya zama likitan tafiyar, amma da suka iso tsibirin Fernando Po suka tarar shugaban da aka naɗa, John Beecroft, ya riga ya rasu. Nauyin ya faɗo a kan saurayi mai shekara 28. Ya kafa doka cewa kowane Bature ya sha kwinin kullum tun bai kamu da ciwo ba. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin, sai bayan shekara 40 da wani abu aka gano haka. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai har suka wuce inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa, suka dawo bayan kusan wata huɗu ba wanda ya mutu. Crowther yana cikin jirgin, ya kuwa ga da idonsa cewa ana iya kai Bishara ta wannan hanya.

Tafiya ta biyu ba ta zo da sauƙi ba. A watan Oktoba 1857 jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka kafa bukkoki a bakin kogi, suka yi wajen shekara guda suna jiran taimako. Da aka zo kwashe su, Baikie bai koma Ingila ba. Daga baya ya zauna a mahaɗar Kwara da Binuwai, da iznin Etsu Masaba na Nupe, wurin da ya zama garin Lakwaja. A nan ya zama likita, da alƙali, da malamin makaranta, ran Lahadi kuma shi ke bi da sujada. Ya fanshi bayi ya zaunar da su, fatake suka riƙa zuwa kasuwarsa. A 1862 ya hau doki ya bi ta Bida da Zariya har Kano.

Abin da ya fi shafarmu shi ne aikin da ya yi da alƙalami. Ya lura cewa duk inda fatake suka fito, da Hausa suke ciniki, sai ya duƙufa ya koye ta, ya juya sassan Littafi Mai Tsarki da na littafin addu'a. Mu da muka sha tsayawa muna yi wa baƙon mai wa'azi tafinta mun san wuyar samun kalma guda da ta dace. To, ina ga mutumin da ba shi da ƙamus cikakke, ba kwamiti, ga zazzaɓi? Hausarsa ta ɗan koyo ce, lalle mai karatu na yau zai yi tuntuɓe a cikinta. Duk da haka Zaburar da ya juya an buga ta a Landan a 1881, shekara 51 kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Baikie ma'aikacin gwamnatinsa ne, an aiko shi ne domin buɗe hanyar ciniki. Kogin da ya buɗe wa masu bishara shi ne 'yan kasuwa da sojoji suka biyo, kuma a Lakwajan nan tasa ne Lugga ya ɗaga tutar Ingila ran 1 ga Janairu 1900. Saboda wannan haɗuwa maƙwabtanmu da yawa suka daɗe suna kiran bangaskiyarmu addinin Bature, iyayenmu kuwa sun sha wannan gori.

A 1864 aka ba shi hutu ya tafi gida. Jikinsa ya riga ya gaji. Ya sauka a Saliyo domin ya huta ya kuma shirya takardunsa, a can zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 12 ga Disamba 1864 yana da shekara 39. An binne shi a Freetown, mutanen garinsu kuma suka gina masa abin tunawa a cikin babbar majami'ar St Magnus a Kirkwall.