Tarihin Kyautar Grammy ta Tsara Kiɗa

Masana kiɗa sun rarrabe ayyuka uku: ƙago kari, tsara shi, da kaɗa shi. Mai tsarawa shi ne ke ɗaukar karin da aka riga aka ƙago, ya rarraba shi ga kayan kiɗa, ya ƙayyade wanda zai fara, da wanda zai amsa, da inda ganga za ta shiga. Galibi jama'a ba su san sunansa ba.

A ƙasar Amurka, ƙungiyar masu aikin faifai da aka kafa a 1957 ta fara ba da kyaututtukan Grammy a 1959. Tun a wannan karo aka ware kyautar tsarawa, Henry Mancini ya ɗauke ta. A 1963 aka keɓe wata ta musamman domin kiɗa zalla, wanda babu muryar mawaƙi a cikinsa, shi dai Mancini ya sake cinye ta.

Abin da ya faru a 1964 ya fayyace manufar kyautar. Don Gibson ne ya ƙago waƙar "I Can't Stop Loving You", ƙungiyar Count Basie ta kaɗa ta, amma Quincy Jones, wanda ya tsara musu kiɗan, shi aka bai wa kyautar. A 1972 kuma Isaac Hayes da Johnny Allen suka same ta saboda kiɗan fim ɗin "Shaft".

Sauyi mafi girma ya zo a 2015, lokacin da aka faɗaɗa kyautar ta haɗa da waƙar baka wadda babu kayan kiɗa a cikinta. Ƙungiyar Pentatonix ta mutum biyar, tare da Ben Bram, ita ce ta fara cin ta a wannan sabon tsari. Ke nan an yarda cewa gwanintar tana ga iya rabon muryoyi, ko na kayan kiɗa ne ko na ɗan Adam.

Wannan tarihi ya shafi aikinmu na ƙirƙirar kalmomi. Hausa tana da makaɗi, da mawaƙi, da ƴan amshi, amma kalmar "tsari" ta yi faɗi ƙwarai. Muddin littattafan yaƙi da jahilci ba su tsayar da suna ɗaya ga wannan sana'a ba, mai karatu zai ci gaba da ɗaukar mai tsarawa a matsayin mai ƙagowa, haƙƙin ɗaya ya tafi ga ɗaya.