Ɓata suna: Yadda ake neman janye zargi a Jigawa

Duk wanda aka yi wa ƙage a jarida, ko rediyo, ko intanet, yana da damar neman a janye maganar tun kafin a kai ga kotu.

Bisa al'ada lauya ne yake rubuta wasiƙa zuwa ga wanda ya wallafa maganar, ya kawo kalaman da ake ƙorafi a kansu, da ranar da suka fito, da inda suka fito.

Daga nan sai ya nemi a janye su, a kuma nemi gafara a bainar jama'a, a wurin da aka yi ƙagen. Akan ba da wa'adi, sau da yawa mako guda ko biyu, wani lokacin kuma a haɗa da neman diyya.

Wasiƙar dai ba umarnin kotu ba ce. Idan aka yi biris da ita, mai ƙorafi zai iya shigar da ƙara a babbar kotun jiha da ke Dutse.

A can sai ya tabbatar cewa da shi ake, kuma wasu sun ji ko sun karanta, sannan maganar ta zubar masa da mutunci. Wanda ake ƙara zai kuɓuta idan ya nuna abin da ya faɗa gaskiya ne.

Janye magana ba ya wanke laifi, amma alƙali yakan yi la'akari da shi wajen rage diyya.

Abin da doka ta tanada

Kundin Final Kod na arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗauki ɓata suna a matsayin laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun.

A kotunan shari'ar Musulunci, wadda Jigawa ta ƙaddamar a 2000, ƙazafin zina yana da haddin bulala 80.

Haka kuma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa.

Abin da ya faru a Dutse

Shari'o'in da suka fi jan hankali a jihar, 'yan sanda ne suka fara shiga cikinsu.

A watan Janairun 2011 an tsare wani matashi bisa zargin zagin gwamna Sule Lamido a Facebook.

A watan Nuwamban 2022 kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka gurfanar da shi a Abuja kan wani saƙon Twitter game da Aisha Buhari, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin.

An janye ƙarar a farkon watan Disamba bayan ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta yi barazanar zanga-zanga, daga bisani ɗalibin ya nemi gafara.

Masu kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa neman janyewa da diyya ya wadatar, ba sai an ɗaure mutum ba. Sukan ba da misali da Ghana, wadda ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna a 2001.