Suna Ɗaya, Fage Daban: Nazarin Hauwa Huɗu a Adabi da Fim na Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mata huɗu masu suna Hauwa da suka yi fice a rubutacciyar waƙa da ƙagaggen labari da fim. An bi hanyar kwatanta ayyukansu da yadda aka san kowacce. An gano cewa ƙarin suna ko laƙabi ne ke rarrabe su a bakin jama'a, kuma manazarcin da bai kula da shi ba zai iya jingina aikin wata ga wata.

Gabatarwa

Bahaushe yakan raɗa wa 'yarsa sunan matan annabawa da na gidan Manzon Allah (SAW) don neman albarka. Shi ya sa a gida ɗaya a Jega ko Aliero ko Maiyama za a tarar da Hauwa biyu ko uku. Alkunya kuma takan sa a sakaya sunan, a ce Kulu ko Jidda. A cikin gida wannan ba ya rikitar da kowa, amma idan mai sunan ta shiga fagen fasaha, dole a san wace Hauwa ake nufi.

Masu Alƙalami

Hauwa Gwaram marubuciyar waƙa ce da ta zauna a Kano, ta kuma yi aikin ilimantar da mata manya. Yawancin waƙoƙinta na wayar da kai ne da gargaɗi. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga wasu daga cikinsu tare da na Hajiya 'Yar Shehu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Da sunan gari aka san ta, bisa al'adar mawaƙa da malamai.

Hauwa Ali, haifaffiyar Gusau, ta koyar a Jami'ar Maiduguri. Da Ingilishi ta yi rubutu: Destiny a 1988, sai Victory a 1989. Jigonta shi ne tsaka-mai-wuyar da budurwa 'yar Arewa ke shiga tsakanin karatun boko da auren da iyaye suka zaɓa mata. Ta rasu a 1994.

'Yan Fim

Hauwa Ali Dodo na cikin matan farko da suka yi tashe a finafinan bidiyo na Kano. Jama'a sun fi saninta da Biba Problem, laƙabin da ya samo asali daga rawar da ta taka a fim ɗin Ki Yarda da Ni, wanda aka ciro daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Ta rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2010. Ita kuwa Hauwa Maina, jaruma ce kuma mai shirya fim, ta rasu a Kano a watan Mayu na 2018.

Sakamakon Bincike

Na farko, an rarrabe waɗannan mata ta hanyoyi uku: sunan gari, sunan mahaifi ko dangi, da sunan rawa a fim. Na biyu, jerinsu ya nuna yadda muryar mace ta faɗaɗa daga waƙa zuwa littafi, sannan zuwa bidiyo, alhali aure da tarbiyya da ilimin 'ya mace na nan a matsayin manyan jigogi. Na uku, haɗarin ruɗani a fili yake: Hauwa Ali marubuciya da Hauwa Ali Dodo jaruma kalma ɗaya ce ta raba sunayensu, ga shi fage da harshen aikinsu sun bambanta.

Kammalawa

Waɗannan huɗu sun tsira daga mantuwa saboda ɗab'i da faifai sun riƙe sunayensu. Zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya na gidajen biki ba su da wannan gata, domin da suna ɗaya da sunan ƙauye ake kiransu. Don haka maƙalar na kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi da su tura ɗalibai Jega da Aliero da Maiyama, su naɗi waƙoƙin irin waɗannan mata, su rubuta cikakken suna da laƙabi da gari da shekarar naɗi, tun masu fasahar na raye.