Shuɗiyar Ƙofar da Ba Mu Buɗe ba: Ɗorayi da Tarihin Wasannin Metroidvania

A farkon shekarun 2000 akwai wani ɗan shago a lungunmu na Ɗorayi da muke kira gidan gem. Talabijin uku ne a ciki, da benci biyu, da fanka ɗaya mai ƙara. Yaro zai miƙa naira biyar ko goma, a ba shi fad, mai shago ya duba agogo. Wata rana, a cikin tulin faya-fayan PlayStation, na zaro wani da ba wanda yake taɓawa, mai suna Castlevania: Symphony of the Night. Na shiga wata makekiyar fada, na yi faɗa, na yi tsalle, har na tarar da wata ƙofa mai shuɗin haske da ta ƙi buɗewa. Kafin in gano sirrinta lokacina ya cika. Washegari na dawo, aka kunna, wasan ya faro daga tushe, domin ba ni da memorin da zan ajiye inda na tsaya. Na yi haka sau uku ko huɗu, na haƙura, na koma buga ƙwallo da sauran yara.

Sai da na girma na fahimci cewa wannan ƙofa ita ce zuciyar wani nau'in wasa sukutum, kuma dalilin da ya hana mu buɗe ta yana da alaƙa da tarihin garinmu.

Shekarar 1986 a Japan da Kano

A watan Agustan 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da Metroid a Japan. Wasannin tsalle-tsalle na wancan lokaci, irin su Super Mario Bros. na 1985, sun koya wa kowa ɗabi'a guda: ka nufi dama, kada ka waiwaya. Metroid ya karya wannan ɗabi'a tun a ɗakin farko. Wanda ya nufi dama zai yi tafiya har ya iske wata matsattsiyar kafa da ba ya iya shiga. Dole ya juyo ya nufi hagu, inda zai tsinci baiwar da ke sa jarumar wasan, Samus Aran, ta dunƙule kamar ƙwallo ta wuce ta ƙananan ramuka. Da wannan darasi aka gina sauran wasan: hanya takan toshe, mabuɗinta yana wani wuri can, kuma mabuɗin wata sabuwar iyawa ce da za ta zauna a jikinka har ƙarshe. A watan Satumba na shekarar kamfanin Konami ya fitar da Castlevania na farko. Daga haɗa sunayen nan biyu aka sami kalmar metroidvania shekaru da dama bayan haka.

A wannan shekara ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, kuma a watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. Dalar da ke kusan kunnen doki da naira a 1985 ta koma kimanin naira huɗu a 1987. Masana'antun Kano, tun daga tsohuwar unguwar masana'antu ta Bompai har zuwa Sharaɗa da Chalawa, da yawansu sun dogara ne ga injina da kayan gyara na ƙasashen waje. Tsadar dala, da ƙarancin lantarki, da kwararowar kaya masu arha daga waje a shekarun baya, suka riƙa rufe ƙofofin masaƙu da sauran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Ɗorayi, wadda ke maƙwabtaka da Sharaɗa kuma ba ta da nisa da hanyar Chalawa, unguwa ce da ma'aikatan waɗannan wurare da dama suka zauna. 'Ya'yansu ne mu.

A irin wannan gida ba a maganar sayen na'urar Nintendo ta asali. Abin da ya iso hannunmu shi ne kwaikwayonta da aka ƙera a Asiya, tare da kaset mai alƙawarin ɗaruruwan wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaita su da sunaye daban-daban. A ciki akwai Mario, da Contra, da wasan tankoki, da harbin agwagwa. Ban taɓa cin karo da Metroid a cikinsu ba. Ko da na same shi, da wuya in kai ko'ina, domin kaset ɗinsa da aka sayar a wajen Japan yana buƙatar mutum ya rubuta kalmar sirri mai haruffa 24 kafin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Abin da agogon mai shago ya koya mana

Gidan gem kasuwanci ne na sayar da mintoci. Mai shago yana biyan haya, yana sayen man janareta, saboda haka wasan da ya fi masa riba shi ne mai ɗaukar mutum biyu a lokaci guda, ya ƙare cikin minti biyar ko goma, wanda aka cinye ya tashi wani ya zauna. Wannan ne ya sa Mortal Kombat da Street Fighter da wasan ƙwallon Winning Eleven suka mallaki unguwanninmu. Shi kuwa metroidvania yana buƙatar abu uku da ba mu da su: awoyi masu yawa, wutar da ba za a ɗauke ana tsakiyar faɗa ba, da wurin ajiya na kanka. Memorin PlayStation na farko gurabe 15 kacal gare shi, kuma a shagon da yara hamsin ke shiga, duk abin da ka ajiye yau wani zai goge shi gobe.

Sakamakon haka, tsararmu ta tashi da kaifin ido a kan faɗa. Mun san saurin yatsa, mun san haddace jerin maɓallan da ke fitar da mugun duka. Ɗaya rabin fasahar, wato bincike da haƙuri da riƙe taswira a ka, bai samu gurbi a wurinmu ba. Har yau in ka ji ɗan tsararmu yana yaba wasa, yawanci zai ce faɗansa da zafi ko hotonsa da kyau. Wannan ma'auni ne da agogo ya gadar mana, kuma bai isa a auna metroidvania da shi ba.

Yadda baiwa ta zama makami da mabuɗi

Tarihin wannan nau'i tarihi ne na ƙoƙarin ɗaure faɗa da bincike da igiya ɗaya. Tun a Metroid na farko akwai bindigar ƙanƙara, wadda ke daskarar da abokin gaba, kuma da zarar ya daskare sai ya zama matakalar da za ka taka ka hau sama. Makamai masu linzami suna kashe manyan dodanni, su ne kuma ke buɗe jajayen ƙofofi. Abu ɗaya yana aiki biyu, saboda haka duk sabon makami yana sauya yadda kake kallon ɗakunan da ka riga ka wuce.

Super Metroid na 1994 ya ƙara taswirar da ke zana kanta yayin da kake tafiya, ya kuma koyar ba tare da dogon rubutu ba. Akwai wurin da za ka faɗa rami mai zurfi, ka tarar da wasu ƙananan dabbobi suna tsalle daga bango zuwa bango. In ka lura da su, za ka gane cewa kai ma kana da wannan iyawa tun farkon wasan, sani ne kawai ba ka yi ba. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.

Symphony of the Night, wanda ya fito a 1997, shi ya kawo ɗaya ɓangaren. Koji Igarashi, mataimakin daraktan wasan, ya sha faɗin cewa wasannin Zelda ne suka fi yi musu tasiri, kuma burinsu shi ne wanda ya sayi wasa ya daɗe yana morarsa. Jarumin, Alucard, yana shiga fadar da cikakkun makamai, sai a ƙwace su a mintocin farko, ya koma tattara ƙarfi da kaɗan-kaɗan. Daga baya yakan rikiɗa ya zama kyarkeci, ko jemage mai tashi, ko hazo mai ratsa shingen ƙarfe. Shuɗiyar ƙofar da ta gagare ni kuwa, ashe mabuɗinta wani dutse ne da ake saya a wurin tsohon mai kula da ɗakin karatun fadar. Kuma wanda ya bi sirrin wasan har ƙarshe zai tarar da fada ta biyu, wadda ita ce ta farkon a kife, rufi ya koma ƙasa.

Daga wannan tarihi mai sharhi zai iya fitar da tambayoyin da ya dace ya yi wa kowane sabon wasa. Ta farko: shin abokin gaba yana nuna alama kafin ya kai hari? Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san gwanin ɗan dambe kafaɗa da ƙafar abokin karawarsa yake karantawa kafin hannun da aka ɗaure ya taso. Bos ɗin da ke duka ba alama zalunci yake yi, kuma cin galaba a kansa sa'a ce. Ta biyu: shin sabuwar baiwa tana da amfani a faɗa da kuma a tafiya, ko kuwa makulli ce kawai aka sauya wa suna? Ta uku: in ka koma tsohon wuri da sabon ƙarfi, kana jin bambanci a hannunka? Dodon da ya wahalar da kai a awa ta farko ya kamata ya zama abin wucewa a awa ta shida, domin ta haka ɗan wasa ke auna girman da ya yi.

Ɗigon hoto: daga dole zuwa zaɓi

Zanen ɗigo-ɗigo da ake kira fiksil ya samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki. Na'urar Famicom ta 1983 tana nuna ɗigo 256 a faɗi da 240 a tsaye, kuma kowane ƙaramin hoto mai motsi launi uku kawai yake ɗauka. Mai zane ba shi da damar ɓarna, dole kowane ɗigo ya faɗi wani abu. Wannan takura ta haifar da fa'ida ga faɗa: siffar abokin gaba takan fito fili, ɗaga hannunsa yakan bayyana sarai, ido ba ya ruɗewa.

Lokacin da manyan kamfanoni suka karkata ga hotuna masu zurfi uku, ɗaiɗaikun mutane ne suka riƙe wannan salo. A watan Disambar 2004 wani ɗan Japan, Daisuke Amaya, ya saki Cave Story kyauta a intanet, bayan shekara biyar yana aikinsa shi kaɗai a lokacin hutunsa, daga zane har kiɗa. A 2015 Thomas Happ na Amurka ya fitar da Axiom Verge, shi ma aikin mutum ɗaya. A 2018 wani ƙaramin kamfani a Brazil, Long Hat House, ya fitar da Dandara, wanda ya ɗauki sunan wata jaruma baƙar fata ta ƙarni na 17 daga Palmares, matsugunin bayin da suka 'yantar da kansu. Jarumar wannan wasa ba ta tafiya da ƙafa, tsalle take yi daga bango zuwa rufi, kuma an tsara hakan ne domin ya dace da shafa fuskar waya. A 2024 kuma ɗan wasan kwaikwayo Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya jagoranci Tales of Kenzera: ZAU. Ba da fiksil aka zana shi ba, amma metroidvania ne da aka gina a kan al'adun Bantu da kuma jimamin rasuwar mahaifinsa, har da muryoyin Swahili.

Komawa ga ƙofar

Abubuwa ukun da suka gagare mu a Ɗorayi yanzu suna cikin aljihu. Tun zuwan wayar salula a 2001, da wayoyin zamani da suka cika kasuwar Farm Centre daga baya, matashi yana da batirin da ba ya jiran a kawo wuta a wannan daƙiƙar, da ma'ajiyar da ba wanda zai goge masa, da lokacin da ba agogon wani ke ƙirga shi ba. Kayan ƙera wasa irin su Godot kyauta ne, kuma zanen fiksil ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada.

Wani abin lura kuma shi ne, da wuya a sami birnin da tsarinsa ya dace da wannan nau'i kamar Kano. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Birni ne mai ƙofofi da sarakunan ƙofa, mai lungunan da ke ɓullewa inda baƙo bai zata ba, mai karofin Ƙofar Mata da dutsen Dala da kasuwar Kurmi. Yaron Ɗorayi da ya taɓa ratsawa ta Ƙofar Gadon Ƙaya ko Dukawuya ya shiga cikin gari ya san yadda ake koyon wuri da ƙafa: yau ka ɓata, gobe ka gano gajeriyar hanya. Haka rufaffun masana'antun Sharaɗa da Chalawa, da dogayen katangunsu da injinan da suka yi shiru, wurare ne masu labarin da ba a gama bayarwa ba. Mutanen Brazil sun ɗauki sunan jarumar Palmares sun gina duniyar da baƙi ke shiga su yi awoyi. In ba mu yi haka da namu ba, yaranmu za su haddace taswirar fadar Dracula kafin su san sunayen ƙofofin garinsu.

A bara na sake kunna Symphony of the Night, wannan karon a wayata. Na je ɗakin karatu, na sayi dutsen, na dawo na tsaya gaban shuɗiyar ƙofar. Ta buɗe cikin daƙiƙa ɗaya, bayan fiye da shekara ashirin da na fara ganinta.